Ranar Da Na Tara Wa Yayana Masu Ciwon Baya

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramar sakandare, na taɓa tara wa yayana marasa lafiya har suka toshe layinmu a Damba, cikin Gusau. Idan kun tambayi mahaifiyata za ta ce mutanen ba su kai yadda nake faɗa ba. Ni dai na san mai shayin bakin layi ya ƙarar da burodinsa tun hantsi, kuma har yau in ya gan ni sai ya tambaye ni yaushe za a sake.

Yayana likita ne. A lokacin yana gab da gama koyon tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a wani asibitin koyarwa da ke wata jiha. Tun da mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ne uba a gidanmu. Shi ke duba sakamakon jarrabawata, shi ke ja mini kunne. Mutumin nan ko ta waya ya ja maka kunne sai ka ji zafi.

Ya zo hutun babbar sallah, damina ta yi tsakiya. Ranar jajiberi da la'asar muna zaune a tsakar gida, mahaifiyata tana gyaran kayan miya, sai ya ce, "Inna, karatun nan ya zo ƙarshe, amma akwai saura."

Ta ce, "Tun Auta na goye kake cewa akwai saura."

Ya yi dariya, ya ce aikin nasu kamar kasuwa yake, kowa da rumfarsa, kuma lokaci ya yi da zai zaɓi tasa. Akwai masu aikin ƙashin baya. Su ne kasuwarsu ke ci, asibitocin kuɗi na manyan birane har rububinsu suke yi. Akwai masu cire ƙari daga ƙwaƙwalwa, amma guraben aikinsu kaɗan ne, sai ka jira wani babba ya yi ritaya, su kuwa manyan nan ba sa tsufa. Akwai masu aikin yara, wahala da yawa, samu kaɗan. Akwai kuma masu aikin jijiyoyin jini, waɗanda ke zura wani siririn abu ta cinya ya bi jijiya har cikin kai su gyara ɓarna ba tare da sun fasa ƙoƙon kai ba.

Da ya zo kan wannan na ƙarshen sai na ga idonsa ya yi haske.

"Malamina ya ce hannuna ya dace da shi. Sai dai na'urar da ake aikin da ita babu ita a kusa da mu. Wanda ya koye shi, yawanci waje ake kiransa."

Mahaifiyata ta ci gaba da cire hancin attarugu, har da waɗanda ta riga ta cire wa.

Ni kuwa sai na tuna wani abu. Muna da wata maƙwabciya, ɗanta likita ne a ƙasar waje. Da mijinta ya rasu, ta waya ɗan ya ga makara. Kullum za ka same ta tana ɗaga waya sama tana neman sabis kamar mai roƙon ruwa. Nan take na hango mahaifiyata a tsaye a tsakar gida da waya a sama, ni kuma na zama namijin gida, ni da ko kwan lantarki ban taɓa canzawa ba.

Na ce, "Yaya, wanne ne ya fi kusa da gida?"

"Na baya, ina jin. Duk inda mutum yake da bayansa yake tafe."

"To ka ɗauke shi mana."

Ya ce, "Auta, ba tsire ba ne da za ka nuna a yanka maka. Kuma mutanenmu ba sa kawo baya asibiti, wajen wanzami suke kai shi a yi ƙaho. Ni inda ake neman aikina nake son in tsaya."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta shiga kaina ta yi sheƙa. Inda ake nemansa. To ai shi ke nan. Sai a neme shi.

Ranar sallah da yamma, mahaifiyata tana fama da suyar nama, na ɗauki wayarta na shige bayan ɗaki. Na gyara murya irin ta masu tallar magani a tasha, na aika saƙon murya cikin zaurukan danginmu na waya, na uwa da ke Rawayya da na uba da ke Tsafe. Na ce jama'a albishirinku, babban likitan baya ya sauka a Damba, jibi zai duba mutane kyauta, rana ɗaya tak. Na ce wanda ya zo a duƙe zai koma a miƙe kamar rake. Na ce mai baya ya gaya wa mai baya. Sannan na ruga wajen abokina, wanda yayansa kwandastan mota ne a hanyar Tsafe, na ce ya taimaka a sanar da fasinja.

Abin da na tsara shi ne mutum goma ko sha biyu, isassun da za su sa yayana ya ce, ashe dai ana nemana a gida.

Washegari na kasa cin nama. Ni da a kowace sallah sai an ɓoye mini tukunyar suya a ƙarƙashin gado, aka miƙo mini hanta na ce na ƙoshi. Mahaifiyata ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Ina zaune ina lissafi. In ba wanda ya zo, yayana zai tafi. In suka zo, zai kashe ni sannan ya tafi. Duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai in zabura. Sa'ata ɗaya, ranar ziyara ce, ba ta bi ta kan saƙonni ba.

Ranar da na sa, tun da sassafe muka ji sallama. Aka sake sallama. Can sai muka ji tsayuwar mota da hayaniyar mutane suna saukowa. Yayana ya fita da asuwaki a baki, ni ina biye da shi daga nesa. Ƙofar gidanmu cike take. Tsofaffi da sanduna, magidanta da hannu a ƙugu, mata a gefe sun yi rukuni. Wani ma an kawo shi a baro, ko da yake daga baya na gan shi ya sauka da ƙafarsa ya je sayen shayi.

Yayana ya cire asuwakin ya ce, "Lafiya dai?"

Kawuna na Rawayya ya matso yana murmushi. "Lahiya lau, likita. Saƙonka munka ji, munka taho."

"Saƙona?"

Kawu ya zaro waya ya danna. Muryata ta tashi a gaban duniya, tana cewa mai baya ya gaya wa mai baya. Ban taɓa sanin muryata tana da muni haka ba. Yayana ya juyo a hankali ya dube ni, irin kallon da nake jin da shi yake auna inda zai fara yanka.

Mahaifiyata ce ta cece ni, ko in ce ta ɗage hukuncin. Daga bayan ƙyaure ta ce, "Tunda sun zo, baƙin sallah ne, ba a korarsu. A shimfiɗa tabarmi. Shi kuma mai shelar, ya je ya aro benci, ya ɗebo ruwa, kowa ya sha daga hannunsa."

Haka aka yi. Maza a zaure, mata a cikin gida. Yayana ya sa riga ya zauna, ya fara duba mutane ɗaya bayan ɗaya. Zai sa mutum ya kwanta, ya ɗaga masa ƙafa, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya tambaye shi ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce masa. Yawanci sai su ce a'a, bayan ne dai ke riƙewa in an wuni ana noma.

Akwai wani tsoho, ƙanin kakanmu, abokin wasana ne. Da ya gan ni da buta sai ya ce, "Kai ɗan nema, kai ne ka ce za a miƙe ni kamar rake? To ga ni. In ban miƙe ba, amaryar da nika nema kai za ka biya ta haƙuri."

Na ce, "Kaka, kai ai ko an miƙar da kai gobe za ka sake lanƙwashewa, tsohon lauje ne kai."

Yayana ya duba shi ya ce, "Baba, bayanka ba wuƙa yake so ba. Hutu yake so, da magani kaɗan, kuma ka daina ɗaukar buhu kai kaɗai."

"Hutu da damina? Kai za ka tahi ka nome mini gerona?"

Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, don a lokacin gani nake aiki yana kyau. Ga mutane, ga baya iri-iri. Me kuma ake nema?

Da aka tashi sallar azahar, muna alwala, yayana ya ce da ni a hankali, "Auta, na gane abin da kake nufi. Ciwon mutanen nan gaskiya ne. Amma duk wanda na duba tun safe, mutum ɗaya ne kawai nake zargin zai buƙaci tiyata, shi ma sai an yi hoto. Sauran ba ni suke nema ba. Yawan masu ciwo daban, yawan masu buƙatar mai fiɗa daban."

Ruwan alwalar nan sai na ji kamar daga firji aka ɗebo shi. Wato na kwaso rabin Rawayya da rabin Tsafe, na zo na tabbatar masa da hannuna cewa babu aikinsa a gida. A sallar nan ban san me na karanta ba. Jirgin sama kawai nake gani yana tashi da yayana a ciki.

Bayan azahar ya shiga cikin gida wajen mata. Ta ƙarshe wata yarinyar mace ce, Bafulatana, daga wata ruga a bayan Tsafe, tare da surukarta. Sun hau babur zuwa bakin titi sannan suka shiga mota, a wannan hanya da kowa ya san ba a binta sai da addu'a. Tana da goyo, ta lulluɓe shi da mayafi ruf, duk da zafin da ake yi bayan ruwa ya ɗauke.

Yayana ya ce, "Me ke damunki?"

Ta ce, "Baya," kanta a ƙasa.

"Wane waje?"

Ta nuna wani wuri. Da ya sake tambaya ta nuna wani wurin daban. Ƙafa ba ta mutuwa, barci tana yi, tana tatsar nono, tana daka. Rabin amsoshin ma surukar ce ke bayarwa. Ya gaya mata maganin da za ta saya, ya ce Allah Ya sawwaƙe. Surukar ta miƙe. Ita kuwa ba ta tashi ba. Ta zauna tana murza bakin zaninta.

Daidai nan na iso da kwanon ruwa. Yaron ya motsa, mayafin ya zame, na ga kansa. Ban taɓa ganin kai irin wannan a jikin jariri ba. Fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito, idanunsa sun yi ƙasa kamar mai leƙen wani abu a ƙirjinsa. Kuma na tabbata matan da ke tsakar gidan sun lura tun safe, kowacce ta kama bakinta, kamar yadda tarbiyya ta ce.

Ni kuwa bakina ba ya neman izinina. Na ce, "Yaya, ai dole bayanta ya yi ciwo. Dubi kan da take goyo."

Mahaifiyata ta yi mini wani kallo da ya fi na yayana na safe. Surukar ta yi sauri ta ja mayafin. Yarinyar ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Na so ƙasa ta buɗe in shige da kwanon ruwan gaba ɗaya.

Yayana bai dubi uwar yaron ba. Ya juya wajen tsohuwar, ya rage murya ya ce, "Inna, a ba ni jikan nan naki mu gaisa mana. Tun ɗazu yana gidanmu ba mu yi barka da sallah ba."

Tsohuwar ta kwance goyon da kanta ta miƙa masa. Ya rungume shi, ya shafa maɗigarsa, ya duba idanun, ya tambayi tun yaushe kan ya fara girma, yana amai, yana kama nono.

Tsohuwar ta ce, "Mun kai shi wurin masu magani. An yi hayaƙi, an yi rubutu. An ce wanga ba na asibiti ba ne."

"Na asibiti ne, Inna. Ruwa ne yake taruwa a cikin kan, hanyar fitarsa ta toshe. Akan sa wata siririyar roba a ƙarƙashin fata ta riƙa sauke ruwan zuwa ciki. Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba, kuma an ɗan makara. Amma ana yi, kuma aikina ne."

Sai a lokacin uwar ta yi magana, ba ta ɗago ba, ba ta dubi yaron ba. Ta ce, "Likita, in an yi haka, bayan zai yi sauƙi?"

Ya ce, "Muna sa rai."

Daga nan bakin mata ya buɗe. Wata gwaggonmu ta ce akwai irinsa a Rawayya, ba a fitowa da shi sai dai a ɗaka. Wata ta ce ɗiyar maƙwabciyarta a Bungudu ta haifi mai ƙullutu a gadon baya, yana tsiyayar ruwa, ko suna ba a tara mutane ba. Wata ta ce nasu ya rasu bara. Yayana yana riƙe da yaron yana sauraro, yana tambayar kowacce a wane gari, wata nawa. Fuskarsa ta canza, amma ban iya karanta ta ba, kuma rashin iyawar ya ƙara tsorata ni.

Da baƙi suka watse na jira hukunci. Mahaifiyata ta kira ni, ta kama kunnena na ɗan lokaci don kada al'ada ta mutu, sannan ta sake shi. Ta ce, "Ka san abin da ya sa ba ta faɗa ba? Ɗan fari ne. Ko sunansa ba za ta kama ba, balle ta zauna gaban surukarta ta ce ɗana ba shi da lafiya. Ta ji ana shelar masu ciwon baya, ta samu hanyar da za ta kawo shi gaban likita ba tare da ta ce ta kawo shi ba. Bayanta lafiya lau."

Na ce, "To da ban yi magana ba fa?"

Ta ce, "Da ni zan yi, ta hanyar da ta dace, ba kamar mai tallar kabewa ba."

Yayana ya koma bakin aiki, ya shirya yadda za a kai masa yaron, aka yi aikin tare da manyansa. Mu kuma muka shiga jira. Duk wayar da ya bugo sai in tsaya kusa ina nazarin fuskar mahaifiyata. Har ramewa na yi, ko da yake ita ta ce tsawo ne na ƙara.

Bayan girbi yayana ya bugo ya ce a ba ni. Ya ce, "Auta, na zaɓa. Na yara zan yi."

Na yi tsalle har na kusa fasa wayar. Sai ya ƙara da cewa, "Amma sai na je wata ƙasa na koyo shi sosai. Zan daɗe kaɗan."

Na zauna a ƙasa. Duk wahalar benci da ɗiban ruwa da jan kunne, ga shi dai jirgin nan zai tashi. Na ce masa ai wannan cuta ce. Ya ce wanda ya je koyon na jijiya, na'urarsa tana can, dole ya zauna inda take. Shi kuwa marasa lafiyarsa suna nan cikin ɗakunan Rawayya da rugagen Tsafe, dole ya dawo inda suke. Abokan aikinsa sun ce masa ya yi wauta, babu gurbi, babu samu, iyayen yaran ma kuɗin mota ke gagararsu. Ya ce ya ji.

Ya tafi. Na ga mahaifiyata a tsakar gida da waya a sama tana neman sabis, daidai yadda na hango. Na koyi canza kwan lantarki. Kullum ina jiran ranar da zai ce an ba shi aiki a can, ya ga ya ɗan ƙara shekara ɗaya, don da haka ɗan maƙwabciyarmu ya fara.

Amma ya dawo. Ba a Gusau yake aiki ba, don kayan aikin ba su iso mu ba tukuna. Yana wata jiha kusa, yana zuwa ƙarshen wata. Abokinsa da ya zaɓi aikin baya yana babban birni da mota kamar ɗaki. Ta yayana kuwa sai na tura ta take tashi, kuma in ina turawa nakan tuna masa cewa ni na ba shi shawarar baya tun farko.

Yanzu da na kusa gama sakandare, kowa yana tambayata me zan karanta, wane aiki ne ke da kasuwa. Tambayar tana tayar mini da hankali, ba zan ɓoye ba. Sai dai in aka ce mini wane fanni ne ake nema, nakan tuna ranar nan. Waɗanda suka cika layinmu da hayaniya ba su ne masu neman yayana ba. Mai nemansa tana can ƙarshen layi, ta rufe abin da ta kawo da mayafi, kuma ko kusa ba za ta faɗa ba.

Sallar da ta wuce suka zo, Bafulatanar nan da surukarta, da ƙwaryar nono da man shanu. Yaron yana tafe da ƙafarsa. Ya makara wajen tafiya, kansa har yanzu ya ɗan fi na tsararsa, amma sai da ya kori kajin mahaifiyata har bayan ɗaki. Tsohuwar ce ke ta ba da labarinsa, me yake ci, me yake faɗa. Uwar tana zaune a gefe, ko sau ɗaya ban ga ta dube shi ba. Da za su tafi ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa, ta ce, "Likita, bayan nan ya yi sauƙi."

Yayana ya ce, "Alhamdulillahi. A ci gaba da kawo shi muna dubawa."

Ni kuwa ina tsaye da kwanon ruwa, na kama bakina.